Mai kusurwa ko mai lanƙwasa: wanne ya dace da ɗakinka da aljihunka?

Watan jiya yayata ta aiko a kira ni gidanta a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Gana, wai in zo in raba gardama. 'Yarta za ta yi aure bayan Babbar Sallah, an fara haɗa kayan ɗaki, amarya kuma ta kafe a kan wata kujerar falo da ta gani a Instagram: doguwa, fara sol, ta lanƙwashe kamar jinjirin wata, ga wani teburi a gabanta mai siffar ƙwayar wake. Uwar tana son irin wadda kowa ya sani, mai zaman mutum uku da mai zaman biyu da ɗaiɗai, kowacce ta jingina da bango ta bar wa mutane fili. Ni kuwa saboda ɗan gidan da na yi shekaru ina fama da gininsa a bayan gari, kullum tsakanin magina da kafintoci, sai aka ɗauke ni masani. Na ce ba na yanke hukunci a kan hoto. A nemo tef ɗin awo da alli, mu je ɗakin da za ta tare.

Gardamar ta girmi gidan Yaya nesa ba kusa ba. Masu zanen gini da kayan ɗaki sun fi shekara ɗari suna yin ta. Akwai 'yan miƙaƙƙen layi, masu son murabba'i da kusurwa, komai a kan ma'auni. Makarantar Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919 ta taimaka ƙwarai wajen yaɗa wannan ra'ayi, kuma ya iso mana har Kumasi. Wanda ya shiga jami'ar KNUST ya dubi Unity Hall, da John Owusu-Addo ke cikin waɗanda suka zana shi, zai gane abin da nake nufi: dogayen benaye, tagogi a jere kamar sahun sallah, ba kwana ba kwane-kwane. Akwai kuma masu son gini ya malala kamar ruwa. Fitacciyarsu a zamaninmu ita ce Zaha Hadid, haifaffiyar Bagadaza, mace ta farko da ta ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2004. Cibiyar Heydar Aliyev da ta zana a birnin Baku, wadda aka kammala a 2012, ba ka gane inda daɓe ya ƙare bango ya soma, ko inda bango ya zama rufi. Mu ma muna da namu: babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Accra, da Sinawa suka gina aka buɗe a 1992, farin samansa ya baje ya lanƙwashe kamar jirgin ruwa ya tsaya a kan tudu.

Duka biyun suna da kyau a ido, wannan ba abin musu ba ne. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne yadda aka yi aka samu lanƙwasar, da wanda ya biya.

Ka je kasuwar katako ta Sokoban ka zaga, ka gaya mini abu ɗaya da ake sayarwa a lanƙwashe. Falanki miƙaƙƙe ne. Filawud faifai ne mai ƙafa 4 da ƙafa 8. Soson kujera a yanke yake kamar bulo. Ka fita ka je wurin masu kayan gini, labarin bai canza ba: bulo, tayil, kwanon rufi, gilashi, firam ɗin taga, kowanne da kusurwarsa huɗu. Saboda haka mai son miƙaƙƙen abu yana tafiya ne tare da kayan, mai son lanƙwasa kuwa kokawa zai yi da su, kuma kokawar da kuɗi ake yin ta. Ga lissafi mai sauƙi. In kafinta ya yanko da'ira mai faɗin ƙafa 4 daga rabin faifan filawud, sama da kashi 21 cikin 100 na katakon ya tafi a gutsattsarin kusurwa. Kai ka biya kuɗinsa, almajiran shago su hura wuta da shi. Wannan ma da'ira ce, mai tsari. Siffar wake irin ta amaryarmu ta fi haka ɓarna, don ba a zana ta da ƙusa da zare, sai an yi mata samfuri da kwali tukuna.

Hanyar da kafinta zai bi ya lanƙwasa katako ita ce gaba ɗaya maganar, kuma a nan ake cutar mutane. Mafi sauƙi a gare shi ya ɗauko faffaɗan falanki ya zana bakan a kai ya bi da zarto. Abin zai fito da kyau ranar da aka kawo shi. Amma itace yana da jijiya, tana tafiya daga gindi zuwa sama, kuma ƙarfinsa a cikinta yake. In an yanko baka daga falanki, a wani wuri zarton ya datse jijiyar ta gajarce, to nan ne ƙafar kujera ko hannunta zai tsage ranar da wani ƙato ya zauna da ƙarfi, ko hunturu ya busar da katakon. Hanya ta biyu ita ce a turara itacen da tururi har ya yi laushi, a tanƙwara shi a jikin ma'auni, wato katakon da aka fitar da siffar da ake so, a ɗaure, a bar shi ya bushe. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. An kuma gano cewa in ya bushe ma tururi na mayar masa da ƙuruciya na ɗan lokaci. Da haka Michael Thonet ya fitar da kujerarsa mai lamba 14 a 1859, wadda har yau ake kwaikwayonta a shagunan shan shayi na duniya. Ta uku, a jera siraran yankan katako, a shafa gam tsakaninsu, a matse su a kan ma'auni mai lanƙwasa; in gam ya kama, siffar ta zauna ke nan, kuma tana da ƙarfi sosai. Irin wannan aiki ne ya fito da sunan Alvar Aalto na Finlan a shekarun 1930. Ta huɗu ita ce ta masu gaggawa: a tsattsaga bayan allon da zarto, layi-layi kusa da juna, har ya yarda ya lanƙwashe, sannan a rufe da soso da yadi. Ba laifi ba ce a jikin kantar shago ko bayan gado, inda ba nauyi. A ƙarƙashin mazaunin mutum kuwa, kyan ɗan maciji ne.

Don haka in ka nuna wa kafinta hoto ya ce maka "ba matsala" tun kafin ya gama kallo, ka tambaye shi: Masta, ta yaya za ka lanƙwasa shi? Wanda ya iya zai ja ka bayan shago ya nuna maka ma'aunin da ya taɓa amfani da shi. Wanda bai iya ba zai fara ba ka labarin manyan mutanen da ya yi wa aiki.

Miƙaƙƙiyar kujera ba ta da wannan sirri. Duk yaron da ya yi shekara uku a hannun maigidansa ya san yadda ake haɗa ta, kuma in ta lalace kowane kafintan unguwa zai gyara. Kushin ɗinta ana zuge zif a cire riga a wanke, a juya shi in gefe ɗaya ya lotsa, a sauya soso in ya mutu. Ita mai lanƙwasa yawanci yadin a manne yake da jikinta, an yanka shi gida-gida an ɗinka don ya bi siffar, ya ci yadi ya ci lokacin tela. Ga shi yayin da ake yi yanzu na farin yadi ne mai ƙudundune kamar gashin tunkiya. Na ce wa amarya ta tuna jar ƙurar Kumasi a watan Janairu, ta tuna 'ya'yan dangin miji da hannun miyar manja. Ta ce, "Kawu, ai sai in rufe ta da zane." Na ce to me aka yi ke nan.

Da muka isa ɗakin, ciki da falo ne a wani gidan haya, falon ƙafa 12 da 13, ƙofa a gefe ɗaya, taga biyu. Na durƙusa na zana jinjirin watan a kan daɓe da alli, tsawon ƙafa 8 kamar yadda take so. Nan take abin ya bayyana kansa. Tsakiyar bayan kujerar ne kawai ke taɓa bango. Bakunanta biyu sun miƙo cikin ɗaki, a bayan kowanne an bar wani lungu mai kusurwa uku da ba ya ɗaukar komai sai ƙura da silifas ɗin yara. Miƙaƙƙiya mai zaman uku kan ci kamar ƙafa 3 daga bango. Wannan ta ci fiye da 4. Na ce wa Yaya ta shimfiɗa sallaya a abin da ya rage, ta fuskanci alƙibla, wadda a nan gabas ce da ɗan karkata arewa. Mutum ɗaya ya samu wuri. Na biyu sai ya ture teburi. Yaya ta miƙe tana kaɗe zane ta ce, "Ranar suna a ina yarinyar nan za ta zuba mata?" Ban da haka, a gidajenmu doguwar kujera gadon baƙo ce. Ƙanin miji ya zo daga Tamale ko Bawku, a kanta zai kwana. Ka gwada kwana a kan baka ka ji yadda bayanka zai yi da asuba.

Irin wannan kujera an yi ta ne don ta zauna a tsakiyar babban falo, a zagaya ta gaba da baya, a ga bayanta kamar yadda ake ganin gabanta. A wurinta tana da wani amfani na gaske: waɗanda suka zauna suna ganin fuskar juna ba sai sun murɗa wuya ba, hira ta fi daɗi. Mai falon da ya kai ƙafa 18 ko 20, a gidansa na kansa, in yana so ya saya, ba zan hana shi ba.

Sai maganar tashi. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida gaba, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake karɓa, kuma in wa'adin ya cika ba ka da tabbacin za ka zauna. Duk wanda ya taɓa fitar da kaya ta lungunan Aboabo ko Asawase zuwa inda aboboyaa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ke iya tsayawa ya san abu miƙaƙƙe ana tayar da shi tsaye a zura. Mai lanƙwasa guda ɗaya sai ya maƙale a kwana. In dai sai an yi ta, a yi ta gida uku masu haɗuwa da ƙugiya.

Kada a ɗauka ni maƙiyin lanƙwasa ne. Akwai inda kusurwa ba ta da abin cewa, wato duk inda jikin mutum ke taɓawa. Bayan ɗan Adam ba falanki ba ne, yana da ɗan lotsawa a ƙugu, kuma kujerar cin abinci ko ta aiki da majingininta ya miƙe sak azaba ce bayan rabin awa. Gefen teburi mai kaifi kuwa daidai goshin yaro mai koyon tafiya yake. Teburi zagayayye mai faɗin ƙafa 4 kewayensa ya haura ƙafa 12 da rabi, wato mutum shida za su zauna in kowa ya samu ƙafa 2, ba wanda aka tura kusurwa, kuma ya yi daidai da yadda muke kewaye kwano ɗaya. Aibinsa guda ne, ba ya jingina da bango.

Asantawa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, sun warware wannan tun tuni. Ka je Ahwiaa a kan hanyar Mampong ka tsaya wurin masassaƙa. Kujerarsu daga gungume ɗaya ake fitar da ita: gindinta shimfiɗaɗɗe mai kusurwa huɗu don ta zauna daram a ƙasa, samanta ya lotsa ya ɗaga baki biyu daidai mazaunin mutum. Ƙasa ta samu abin da take so, jiki ya samu nasa. Siffar ce ma aka yi wa babbar ƙofar shiga KNUST. Tsoffin gine-ginen Asantawa na gargajiya, irin na Besease kusa da Ejisu, da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1980, haka suke: ɗakuna huɗu miƙaƙƙu kewaye da tsakar gida, amma jikin bangon cike da zane mai murɗe-murɗe.

A gini kuwa ni kaina na sha, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Na ga wani gida mai zagayayyen bango a gaba, ya shiga raina, na ce wa maginina haka nake so a kusurwar falo. Bai musa ba. Bulon da muke amfani da shi tsawonsa inci 18 ne, kuma miƙaƙƙen abu mai wannan tsawo ba ya bin ƙaramar da'ira. Bangon ya fito gefe-gefe kamar an fere doya. Sai da aka rushe layi uku aka koma fasa bulo biyu-biyu. Wajen filasta aka cike ramukan da siminti mai kauri, buhu ya bi buhu. Kafintan da zai kafa katakon zuba kankare ya ƙara kuɗin hannu. Mai tayil ya yini yana yanka, rabin abin da ya yanka ya zube. Mai tagar alminiyam ya zo ya auna ya ce shi firam ɗinsa ba ya lanƙwasa, gilashi mai baka kuma sai an yi oda da tsada, don haka taga ɗaya ta zama ƙanana uku. Sandar labule ma sai da welda ya ƙera. Damina ta fari, daidai inda miƙaƙƙen kwano ya haɗu da zagayayyen bango, nan ruwa ya samu hanya. Kumasi kuma damina biyu take yi a shekara. Yanzu wurin yana da kyau, baƙi suna yabawa, amma har yau ban samu kabad ɗin da zai zauna a jikinsa ba. Tsalle ɗaya na yi na faɗa rijiya, na kuma san yawan tsallen da na yi kafin in fito.

Wani zai ce ai da'ira ta fi murabba'i ba da fili, kuma gaskiyarsa. Bango mai tsawon mita 16 in ka yi ɗaki murabba'i da shi za ka samu mita murabba'i 16. In ka zagaya shi za ka samu sama da 20. Shi ya sa zagayayyen ɗakin ƙauye ke da arahar ƙasa da jinka. Sai dai mai wannan ɗaki tabarma yake shimfiɗawa, ya rataye kayansa, ya jera ƙore da tukwane, duk zagayayyu. Kai kuwa gado gare ka mai ƙafa 6, da wadirob, da firij, da talabijin, kowanne yana neman miƙaƙƙen bango. Filin da da'ira ta ba ka, kayanka su ƙwace.

Su kuma manyan gine-ginen da ke ruɗar mu a hoto, a san cewa ba da bulo da cebur aka yi su ba. Gidan tarihi na Guggenheim da Frank Gehry ya zana a Bilbao ta Sifen, aka buɗe a 1997, da manhajar kwamfuta ta masu ƙera jirgin sama aka lissafa lanƙwasarsa. Ginin Baku an lulluɓe shi da dubban faifai da aka zuba a masana'anta, kowanne da wurin zamansa. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne Francis Kéré na Burkina Faso, da ya ci Pritzker a 2022. A makarantar sakandaren Schorge da ke Koudougou, ajujuwa ya jera ɗaya bayan ɗaya yana ɗan karkata kowanne, har suka kewaye tsakar gida. Daga nesa zagaye kake gani, amma kowane aji teburi da allo suna zama lafiya. Dabarar da na so a ce na sani ke nan kafin in taɓa bangona.

Maginan Hausa ma ba su jira kowa ba. Soro ɗaki ne mai kusurwa huɗu, amma ka ɗaga kai ka ga bakan gizo. Dalilinsa a fili yake: azara ba ta ƙetare fili mai faɗi ita kaɗai, sai magini ya riƙa miƙo ta daga bango mataki-mataki, yana ɗaurewa yana yaɓe da ƙasa, har ɓangarorin su haɗu a sama su ɗauki tulluwa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19 shi ne gagarabadau a wannan fanni. Ka shiga babban masallacin ƙasa da ke Kanda a Accra, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, za ka ga tsarin bai sauya ba duk da salon na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ne: ƙubbobi a sama, sahu miƙaƙƙe a ƙasa. Lanƙwasar tana can inda ba ta tare wa kowa hanya, kuma aiki take yi, nauyi take saukewa zuwa ginshiƙai.

Saboda haka mai gini da ke son gidansa ya yi laushi a ido, akwai wuraren da lanƙwasa ba ta da tsada. Baka a saman ƙofar falo ko zaure ma'aunin katako ɗaya yake buƙata, a yi ta amfani da shi ƙofa bayan ƙofa. Silin na POP yana bin duk siffar da aka ba shi, muddin rufin ba ya yoyo. Ƙarfe ma mai biyayya ne, welda na murɗa rodi yadda ya ga dama, don haka get da makarin bene da na baranda wurin wasa ne. Sai dai mutanen Accra na kusa da teku su riƙa bin sa da fenti, iskar gishiri ba ta raga wa ƙarfe. A kayan ɗaki kuwa, mafi arahar lanƙwasa a ƙasar nan tana hannun masu saƙar kujerun kara da ake gani a bakin titi. Shi wannan kara da ɗan zafin wuta yake tanƙwaruwa, jijiyarsa ba ta yankewa, iska na ratsa shi a lokacin zafi, yaro ɗaya na iya ɗaukar kujerar. A dai duba kada a ga garin ƙwaro na zuba daga ƙananan huji, a kuma sa a shafe shi da banish. In katako ne, ko miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe, a nemi busasshe. Katakon odum yana da nauyi da tsada amma gara ba ta cika damunsa ba. Katakon da ake kira wawa ba shi da nauyi, yana da araha, ƙwaro na son sa. Allon MDF kuwa kada ƙafarsa ta taɓa daɓen da ake gogewa da ruwa kullum, kumbura zai yi kamar burodin da ya jiƙa.

A ƙarshe abin da aka tsayar a gidan Yaya shi ne miƙaƙƙiya mai zaman uku da za a daddaɗe mata gefuna da hannuwa, kushin mai zif, yadi ruwan ƙasa. Teburin tsakiya zagayayye na odum, ƙarami, wanda za a iya mirginawa gefe in za a yi sallah. Kujerar kara guda ɗaya mai zagayayyen baya kusa da taga, da madubi mai baka a ciki. Amarya ba ta goge hoton daga wayarta ba, ta ce tana ajiye shi sai ranar da suka gina nasu, kuma a ranar ba za a kira Kawu ba. Na ce Allah ya kai mu. Kafinta ya ce in zo ranar Alhamis in ga ƙashin kujerar kafin ya sa soso, don na gaya masa ba zan cika kuɗi ba sai na ga inda jijiyar katakon ta bi a hannuwan.